Shekarar da Kasuwar Salaga ta Watse

Yau za mu koma shekarar 1892, mu tsaya a Salaga.

Wanda ya ratsa Salaga a yau da lodin doya zai yi wuya ya yarda cewa nan ce Gwanjar da kakanninmu suke kwashe watanni a hanya kafin su iso. Amma ita ce. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato, madugu ne shugaba, jagaba na gaba, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Yendi, sannan su sauke kaya a Salaga. Suna kawo kanwa da turkuɗi da kayan fata, su koma da goron da ake ɗaukowa daga kurmin Asante. Mosawa kuma su gangaro daga arewa da shanu da tumaki da jakuna. Kada mu ɓoye ɗayan hajar, domin gaskiya ce: bayi ma an sayar da su a wannan kasuwa, da yawa kuwa. Rijiyoyin da suka cika garin har yanzu suna nan, ana nuna wa baƙo.

To, garin iri biyu ne. Sarauta tana Kpembe, 'yar tafiya kaɗan daga kasuwa, inda sarkin Gwanjawan yankin, Kpembewura, yake zaune a kan fata. Salaga kuwa garin baƙi ne: Hausawa, Wangarawa, Barebari, Yarabawa, Dagwamba. Baƙo ya sauka gidan maigidansa, shi zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in an ci bashi. Ku da kuke kai shanu kasuwa kun san wannan tsari, bai canja ba sosai.

Ciwon ya fara tun 1874. A shekarar ne sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya iso arewa, Gwanjawa suka yi wa Asante tawaye. Asante kuwa suka ce to, goro dai namu ne. Sai suka karkatar da shi zuwa Kintampo. Ayari ya ragu, amma gari bai mutu ba. Akwai gishirin Ada da ake hawowa da shi ta kogin Volta, akwai dabbobi, akwai malamai da almajiransu. Turawa ma suna ta leƙowa: Binger Bafaranshe ya zo a 1888, shekarar da Ingila da Jamus suka yi yarjejeniya cewa yankin Salaga da Yendi ba na kowa ba ne a tsakaninsu. Ba su tambayi masu ƙasa ba, ba shakka.

Sai 1892. Sarautar Kpembe gidaje uku ke karɓa-karɓa da ita: Lepo, Singbung da Kanyase. Mutanen Kanyase suka ga an daɗe ana tsallake su. Jagoransu, Kabachewura Isifa, ya nemi gudummawar Dagwamba da Nanumba, ya zo da yaƙi a kan Kpembewura Napo na gidan Lepo. Aka ci Napo, ya gudu, Isifa ya hau fata.

Ku lura da kyau, rigimar nan ba ta fatake ba ce. Bahaushen da ya zo sayen goro ba shi da gado a Kpembe. Amma mayaƙin da aka ɗauko daga nesa ba ya komawa gida hannu banza, kuma dukiyar ba a fada take ba, tana ɗakunan masu gida a Salaga. Aka washe gari, aka sa wuta. Wanda ya ba da ajiya ya rasa, wanda aka ba ajiya ya rasa abin da zai ce. A ganina wannan ne ya kashe kasuwar, fiye da wutar kanta. Rumfa ana sake ta cikin mako guda. Amma madugun da ya koma Kano ya ce ajiyarsa ta salwanta a Gwanja, wa zai biyo shi baɗi?

Mutane suka watse. Wasu Yeji, wasu Kintampo da Atebubu, da yawa kuma suka gangara Kete, kusa da Krachi, inda zango ya cika nan da nan. Cikin waɗanda suka ƙare a can har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rubuta labarin wannan yaƙi cikin waƙar Larabci, ya zauna yana karantarwa a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Zuriyar masu gida na Salaga kuwa, ku bincika zangunan Kumasi da Accra, za ku same su.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 1896 Jamusawa suka ci Dagwamba a Adibo, suka shiga Yendi. A 1899 aka raba yankin: Salaga ga Ingila, Yendi ga Jamus. Hanyar da ayari ke bi tsakanin garuruwan biyu ta zama hanyar ƙetare iyaka.

Na san masu sauraronmu na Bawku ba sa bukatar dogon bayani. Ba na shiga batun wa ke da gaskiya a rigimar sarautar can, ba hurumina ba ne. Amma kun ga dokar hana fita, kun ga motoci na tafiya da rakiyar soja, kun san 'yan kasuwar da suka kwashe kayansu suka ce sai ƙura ta lafa. Mutanen Yendi ma sun ɗanɗana bayan 2002, sai 2019 aka naɗa sabon Ya-Na.

Ita kuwa Kete da ta gaji fataken Salaga, ruwa ya cinye tsohon garin bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Tafkin nan ne kuma ya yanke tsohuwar hanyar Kumasi zuwa Tamale a Yeji, manyan motoci suka koma bi ta Kintampo da Buipe. Mai son zuwa Salaga ta kudu yau, sai ya jira jirgin fito zuwa Makango.