Daga Kururuwa Zuwa Lamba 112: Tarihin Kiran Neman Agaji



An umarce ni da in yi bayani a kan tarihin layin wayar neman agaji, wato lambar nan da mutum zai buga idan wata masifa ta auka masa, a saurare shi, sannan a haɗa shi da inda za a share masa hawaye. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma babban abin da aikin ofis ya koya mini shi ne, takarda ba ta da amfani sai ta isa teburin wanda zai yi aiki da ita. To haka kiran agaji yake, kuma a kan wannan ne jawabina zai tsaya.

Bari mu fara daga gida. Tun kafin a san waya, ƙasar Ɗambatta tana da nata tsarin kiran agaji. Ƙasarmu ƙasa ce mai yawan jama'a, gona tana jikin gona, unguwa tana hango unguwa, saboda haka idan gobara ta tashi ko yaro ya faɗa rijiya, kururuwa ɗaya ta isa ta tara mutane. Idan abin ya fi ƙarfin maƙwabta sai a garzaya gidan mai unguwa, shi kuwa ya san ƙofar ungozoma, ya san ta maɗori da ta wanzami, ya san wanda ya iya shiga rijiya da wanda yake da amalanke. Abin da ya gagari mai unguwa sai ya wuce gaban dagaci, daga nan zuwa ga hakimi, wato Sarkin Bai. In kun lura za ku ga abubuwa uku a cikin wannan tsari: akwai mai jin kira, akwai wanda ya san inda za a kai matsala, akwai kuma mai ɗaukar wanda abin ya shafa ya kai shi can.

Sai dai tsarin yana da rauni ta fuska biyu. Na farko, murya tana da iyaka, amalanke kuma ba ya sauri. Na biyu, akwai masifun da ba a yi musu kururuwa. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, da matar da take shan duka a gidan aure, da saurayin da duniya ta yi wa zafi har ya fara tunanin halaka kansa, duk waɗannan kunya ce take rufe musu baki. Tarihin layin agaji a duniya ƙoƙari ne na toshe waɗannan ɓarakoki biyu.

Na farko an fara maganinsa a birnin Landan. A watan Nuwamba na 1935 gobara ta tashi a wani gida a titin Wimpole, mata 5 suka mutu. Wani maƙwabci ya ɗauki tarho don ya kira 'yan kwana-kwana, amma sai ya tarar da layi a ofishin haɗa waya, ba wanda ya amsa masa da wuri. Haushin haka ya sa ya rubuta wa jaridar Times wasiƙa, gwamnati ta sa aka yi bincike, kuma a ranar 30 ga Yuni 1937 aka buɗe lamba 999. Duk lokacin da aka buga ta, sai jar fitila ta kama, ƙaho ya yi ƙara a ofishin wayar, domin ma'aikata su san cewa wannan kira ba ya jira. Amurka ta biyo baya da 911 a 1968, ƙasashen Turai kuma suka amince da 112 a 1991.

Rauni na biyu kuwa wani limamin coci ne mai suna Chad Varah ya tunkare shi. A 1935 ya jagoranci jana'izar wata yarinya da ba ta kai shekara 15 ba, wadda ta kashe kanta saboda ta fara ganin jinin al'ada, ta ɗauka muguwar cuta ce, ba ta kuma sami wanda za ta tambaya ba. Abin ya tsaya masa a rai har zuwa ranar 2 ga Nuwamba 1953, lokacin da ya ajiye tarho a cocinsa a Landan, ya sanar cewa duk wanda rayuwa ta ishe shi ya kira. Jama'a suka yi ta zuwa, har ya nemi 'yan sa kai su riƙa ba masu jiran ganinsa shayi suna ɗebe musu kewa. Can sai ya lura da yawa daga cikinsu suna komawa gida da sanyin zuciya tun kafin layi ya zo kansu, domin abin da suke nema ke nan, wanda zai saurare su ba tare da tsawa ko gori ba. A 1954 ya danƙa aikin a hannun 'yan sa kan, ƙungiyar da aka sani da suna Samaritans.

To ina muke a Nijeriya? An kafa kamfanin NITEL a 1985, amma har zuwa 2001 layukan tarho da suke aiki a ƙasar nan kimanin 400,000 ne kawai, ga jama'a fiye da miliyan 100, kuma galibinsu a manyan birane suke. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutane fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000, yawancin ƙauyukan da ta shiga ba su da waya ko ɗaya, sai dai a tashi ɗan aike a keke ko a babur. Wayar salula ta shigo a watan Agusta na 2001, lokacin tsararrakina muna ƙananan yara, kuma a kan idonmu ta bazu har ta kai hannun manomi da makiyayi.

Da waya ta wadata sai lambobin agaji suka biyo baya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fitar da lamba 122. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta gina cibiyoyin amsa kiran gaggawa a jihohi, aikin da ya kankama a zamanin da ɗan garin nan, Farfesa Umar Garba Ɗambatta, ya shugabance ta daga 2015 zuwa 2023. A watan Maris na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da cibiyar Abuja tare da lamba 112. Lambar ba ta cin kuɗi. Wanda ya ɗauki kiran zai tambayi abin da ya faru da inda ya faru, sannan ya miƙa ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko motar asibiti. Wato dai aikin mai unguwa ne aka ɗora a kan na'ura. Ta ɓangaren masifun da ake ɓoyewa kuma, a 2017 ma'aikatan asibitin koyarwa na Jami'ar Legas suka kafa shirin SURPIN don sauraren masu tunanin halaka kansu, har suka ware layi na masu jin Hausa. A Kano ma an buɗe cibiyar Waraka a asibitin Murtala don waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Jama'a masu sauraro, waya ta ƙara wa kururuwa nisa, amma ba ta ɗaukar majinyaci. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri iri uku da suke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ku ɗauki matar da jini ya ɓalle mata da ƙarfe biyun dare a wani ƙauye da ke bayan dam ɗin Tomas, ga damina, ga hanya ta caɓe, maigida kuma ya tafi ci-rani. Ko an buga waya an amsa nan take, wa zai ba da izinin fita da ita? Motar wa za ta shiga? In an isa babban asibitin Ɗambatta aka ce ana bukatar jini, wa zai bayar? In kuma aka ce a wuce Kano, wa zai sayi mai?

An gwada amsa waɗannan tambayoyi a maƙwabtanmu. Daga 2008 wani shirin lafiyar mata da yara, mai samun tallafin Ingila da Norway, ya yi aiki a jihohin Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, inda aka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW. Aka horar da direbobin tasha yadda za su ɗauki mai naƙuda, aka rarraba lambobinsu a ƙauyuka, aka kafa asusun ko-ta-kwana da rukunin masu ba da jini, aka kuma roƙi magidanta su bar izini a gida tun kafin ranar ta zo. Shirin da ya gaje shi a 2014 ya haɗa da Kano da Kaduna. Abin lura shi ne, ba a jira sabuwar mota daga birni ba, da motocin da suke tasha aka yi aikin.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu. Na ɗaya, kowace unguwa ta rubuta lambobin direbobi uku, da ta ungozoma, da ta ma'aikacin lafiya mafi kusa, a manna a zauren mai unguwa da shagon mai magani, a kuma riƙa gwada su duk wata, domin lambar da ba ta shiga ta fi rashin lamba cutarwa. Na biyu, a kafa asusun mai, a danƙa shi ga amintacce wanda za a iya tasa cikin dare. Na uku, matasa masu lafiya su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta a ajiye. Na huɗu, a zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya masu riƙon amana, a nema musu horo wajen ma'aikatan lafiya, su zama masu sauraren waɗanda kunya ta rufe wa baki. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ranar da sirrin mutum ɗaya ya fita, ba mai sake kira. Wajibi ne kuma su san iyakarsu. Mai sauraro ba likita ba ne ba kuma alƙali ba, aikinsa ya san wanda za a kai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, da wadda za a kai Murtala, da maganar da ta zama ta 'yan sanda.

A cikin zauren nan akwai ma'aikatan jinya, akwai malaman makaranta, akwai 'yan kasuwa masu motoci, akwai 'ya'yan masu unguwanni. Babu ɗaya daga cikin shawarwarin nan da yake jiran kasafin kuɗin gwamnati. Ina roƙon kowannenmu idan ya koma unguwarsu ya tambayi mai unguwa, in abu ya faru yau da dare, wa za a kira, shi kuma wa zai kira? In amsar ba ta fito nan take ba, to aikin daga nan zai fara.