Jawabi Kan Injin Jirgin Sama Marar Fistan

Shugaba, malamanmu masu daraja, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

Tun da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a nan Daura a 2019, ƙannenmu ke tambaya kan injin jirgin sama. To, ga ɗaya. Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro shi, aka fara tada shi a 1957. Ba shi da fistan, sai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa. Ƙananan jirage da marasa matuƙi na amfani da shi saboda rashin nauyi.

Lagonsa yana bakin kusurwoyin nan. Kowace tana da 'yar sandar ƙarfe mai toshe iska. Baƙin man da ake ɗiga mata yakan ƙone, kunkunniya ta taru ta maƙale ta. Daga nan ƙarfi ya ragu, injin ya ƙi tashi in ya yi zafi.

Gwani ba ya gaggawar kwance inji. Yakan cire filogi ya auna matsin iska. Bugu uku daidai, lafiya lau. In biyu sun faɗi, sandar kusurwa ce. In ɗaya, ta gefe.

Ma'aunin ba tsada. Shugaba, ina roƙon ƙungiya ta saya wa ɗakin koyon sana'a na makarantarmu guda.