Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Jawabin Dattawan Ikkilisiya a Bikin Cika Shekara 50

 

Shekara 50 ba kwana 50 ba ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan ikkilisiya sun yi barci cikin Ubangiji, mu kuwa muna cin amfanin guminsu. Saboda haka muka ga ya dace mu yi magana a kan abin da ya riƙe mu har yau, wato haɗa hannu, da kuma abin da ya fi shi wuya, wato yarda mutum ya dogara ga ɗan'uwansa. Taimakon wani yana da daɗi, gama akan gode maka. Amma ka buɗe baki ka ce, "Ban iya ni kaɗai ba, zo ka kama mini," wannan sai wanda ya ajiye girman kai.

Mu mutanen Zazzau ba ma bukatar zuwa nesa neman misali. Duk wanda ya shiga ta Ƙofar Doka, ko Ƙofar Kuyambana, ko Ƙofar Gayan, ya ga abin da ya rage na ganuwa. Ba wanda zai iya gaya mana sunayen mutanen da suka ɗebo ƙasa, da waɗanda suka jawo ruwa, da matan da suka dafa musu abinci. Aikin gayya ne. Ganuwa kuwa ƙarfinta ƙarfin wurin da ya fi rauni ne, domin in gefe guda ya zube, garin duka ne ya buɗe.

Haka ma a Littafin Nehemiya, sura 3. An jera mana waɗanda suka gyara garun Urushalima: firistoci, maƙeran zinariya, masu yin turare, 'yan kasuwa, har da wani shugaba da ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Da yawa sun gyara sashen da ke daura da gidajensu, suka bar sauran a hannun maƙwabta. An kuma rubuta cewa manyan Tekowa sun ƙi sa hannu, abin kunyar nan kuwa yana nan a rubuce har yau. Duk da haka cikin kwana 52 aka gama aikin.

Bari mu dawo gida, mu dubi yadda bishara ta iso gare mu. A shekarar 1900 mutum biyar na ƙungiyar CMS suka nufo ƙasar Hausa ƙarƙashin Bishop Tugwell, cikinsu har da Likita Walter Miller. Kafin su taso, sai da waɗansunsu suka zauna a Tarabulus suna koyon Hausa a bakin Hausawan da ke can. Ku lura da wannan: masu ilimin Ingila suka zama ɗalibai a gaban talakawanmu. Da suka isa Kano, Sarki Aliyu bai yarda su zauna ba, suka koma Girku. A can ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu, ciwo kuma ya tilasta wa wani komawa gida. Da a ce aikin na mutum ɗaya ne, da a Girku aka binne shi.

A 1905 Likita Miller ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, suka zo da ƙafarsu suna neman ƙarin bayani. Aka kafa musu mazauni a Gimi, inda Rabaran Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, ya zauna tare da su. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya auka wa Gimi, ya kwashe mutane da yawa. Yaran da suka tsira aka kawo su Zariya, waɗansu hannuwa suka goya su, suka ciyar da su, suka koya musu karatu. Daga irin waɗannan gidaje ne ikkilisiyar Hausawa ta yi saiwa.

A 1929 aka ƙaura daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da ƙasa, irin ginin Hausa. Wanda ya taɓa kallon magina suna ɗaura baka ya san yadda ake yi. Azara guda ba ta isa ta haye faɗin ɗaki. Sai a kafa guntaye daga wannan bango da wancan, a ɗora wata a kan wata, a ɗaure da igiya, har su gamu a tsakiya, sa'an nan a shafe da ƙasa. Kowane gefe ya jingina ga ɗaya, shi ya sa rufin yake tsaye.

Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ma haka ne. Sunan Miller aka fi ji, amma masu bishara na waɗansu mishan da malaman Hausa sun zauna tare da shi shekara da shekaru suna auna kalma da kalma. Makarantar Wusasa da asibitinta kuma sun ba ƙasa mutane irin su Likita R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, da Malam John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Bayan kowane ɗayansu akwai malamin aji, da mai dafa abincin makaranta, da uwa mai addu'a, waɗanda ba a buga sunansu a ko'ina ba.

Manyanmu kuma ba su manta da watan Maris na 1987 ba, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u masu yawa. An yi sujada a fili, a cikin toka. Abin da ya sāke tayar da bango shi ne taro da sisi na masu bi, da bulo da kwanon rufi da wannan ya kawo, wancan ya kawo.

To, 'yan'uwa, ina muka tsaya yau? Haɗarin ikkilisiya mai shekara 50 ya bambanta da na sabuwa. A farko kowa ya san yana bukatar kowa. In an daɗe, sai aiki ya taru a hannun mutum biyu ko uku masu aminci. Mabuɗi yana wurin ɗaya, littafin kuɗi yana wurin ɗaya, waƙoƙi suna kan ɗaya. Su suna gajiya suna gunaguni, matasa kuwa suna zaune a bencin baya, har su gaji su daina zuwa. Ran da mai mabuɗin ya kwanta ciwo, sai a tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Musa ma ya kusa faɗawa cikin wannan rami, yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, sai da surukinsa Yetro ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. Musa, da dukan girmansa, ya ji maganar.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Na ɗaya, duk mai riƙe da wani aiki ya ɗauki matashi guda ya koya masa, ya kuma bar shi ya yi, ko da zai yi tuntuɓe. Na biyu, kada a ƙirga baiko ko a kashe kuɗin ikkilisiya sai da idon mutum fiye da ɗaya, gama wannan kāriya ce ga mai amana. Na uku, matasa, in an kira ku ku amsa, in kun karɓi aiki ku kai shi ƙarshe, domin alkawarin da aka cika shi ke sa dattijo ya saki mabuɗi. Na huɗu, wanda yake cikin rashi, ko ciwo, ko damuwar gida, kada kunya ta sa ya ɓoye. Ya faɗa wa dattijo ko uwar Zumunta. Ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Mu kuma kiyaye kada bambancin harshe, ko gida, ko abin hannu ya raba mu, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mu zauna lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, da yawa kuma jininmu ne.

Yaran da suka rera waƙa a gabanmu yau, su ne za su yi bikin shekara 100 in Ubangiji ya yarda. Mu fara miƙa musu igiyar tun muna da ƙarfin nuna musu yadda ake ɗauri.

Ubangiji ya sa mana albarka, ya riƙe ikkilisiyarsa, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.