Waƙa Ta Mata, Riba Ta Wa?



Mukan ji ana yabon ƙungiyoyin mata mawaƙa na Amurka saboda yawan cinikin faya-fayensu. Ba mu musa ba: daga 1964 zuwa 1969, waƙoƙi 12 na ƙungiyar Supremes suka zo na ɗaya a kasuwar ƙasar. Amma aljihun wa kuɗin ya shiga? Florence Ballard, wadda da ita aka kafa ƙungiyar, an sallame ta a 1967, ta rasu a 1976 bayan ta sha talauci. Ga kuma TLC: an sayi miliyoyin faifansu na 1994, amma a 1995 suka shaida wa kotu bashi ya fi ƙarfinsu. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta bar musu kaso ƙalilan.