Isnadin Alƙaluman Asibiti: Lacca ga Ɗaliban Bahri

 

An nemi in yi magana a kan fannin nan da matasanmu suka fara kwaɗayinsa, watau tattara bayanan marasa lafiya da tsara su a kwamfuta da fitar da hukunci daga alƙalumansu; kuma da yake galibin masu tambayata suna zaton abu ne da ya zo jiya tare da intanet, ya kamata mu tuna cewa a hayin kogin nan, cikin Kwalejin Gordon, aka buɗe ɗakunan binciken Wellcome tun farkon ƙarni na ashirin, inda likita Andrew Balfour ya sa aka riƙa bin kududdufan Khartoum ana rubuta inda sauro ke hayayyafa, har a 1907 aka ɗora ɗakin bincike a kan jirgin ruwa ya bi Nilu kudu. Alƙalami da kundi kaɗai suke da su, amma aikin dai shi ne wannan.

A yau Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta Sudan tana amfani da manhajar DHIS2, wadda aka ƙera a Jami'ar Oslo, kuma ita ce Nijeriya ma ke aiki da ita. Sai dai ku dubi hanyar da lamba take bi kafin ta isa allon. Ungozoma ko ma'aikacin jinya ne yake rubuta ta a rajista, ga gajiya ga dogon layi a bakin ƙofa. A ƙarshen wata a harhaɗa, a aika mahalliya (ƙaramar hukuma), daga nan wilaya (jiha), sa'an nan ma'aikata. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ya san ba a kafa hujja da matani sai an binciki isnadi, an san wane ne ya ji daga wane, da adalcinsa da kiyayewarsa. To haka lamba take, domin idan kayan gwajin jini suka yanke a wata cibiya, aka riƙa rubuta kowane zazzaɓi da sunan na cizon sauro, to ko da wane irin gwani ne ya zana jadawalin a birni, riwayar mai rauni ce, kuma maganin da za a raba bisa ita zai tafi inda ba a bukatarsa.

Akwai mas'ala mafi wuya. Rabon Sudan da ƙidayar jama'a tun 2008, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 miliyoyin mutane sun bar gidajensu, wasu unguwannin Bahri suka zama kufai, garuruwan da aka gudu zuwa gare su suka cika suka batse. Idan aka ce an yi wa kashi kaza na yara rigakafi, cikin yara nawa? Wanda zai iya ƙiyasta wannan bisa hujja, ya kuma faɗi iyakar shakkarsa ba tare da jin kunya ba, shi ne masani. Saura kuwa masu ƙawata takarda ne.

Ku kuma ɗauki izina daga Soba. Cibiyar binciken cutar madura (mycetoma) da ke can, wadda Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa a 1991 ƙarƙashin Jami'ar Khartoum, wadda aikinta ya taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin waɗanda aka yi sakaci da su a 2016, yaƙi ya lalata ta tare da samfuran da aka tara shekaru da dama. Saboda haka ajiye kwafin bayanai a wuri fiye da ɗaya, a ganina, wajibi ne a kan duk mai wannan sana'a.

Amma abin da za ku koya, ba shi da tsawon bayani: ƙididdiga da ilmin annoba su ne asali, sa'an nan Excel da SQL da R ko Python, da tsarin lambobin cututtuka na ICD, da Turanci gwargwadon hali. Ko daga likitanci kuka fito, ko jinya, ko kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bahri ko ta Za'im al-Azhari, ƙofar a buɗe take. Sharaɗi guda ne ba ya karɓar uzuri, shi ne amana, domin sunan mai ciwo da cutarsa sirri ne, tona shi kuwa ha'inci ne.

Ku 'ya'yan Hausawa kuna da wata falala, ga Larabci ga Hausa. Tsohuwar da ke Mai Wurno ko ƙauyukan Jazira da Gadarif za ta gaya muku abin da ba za ta gaya wa baƙo ba. Ina roƙon kowannenku, kafin ya nemi wata takardar shaida, ya je cibiyar lafiya mafi kusa da gidansu, ya nemi izinin taya su haɗa rahoton wata.