Hasken da Ido Ba Ya Gani: Jawabin Sallama ga Ɗaliban Kimiyya a Talata Mafara

    

Tun ranar da aka aiko mini cewa ni zan yi muku jawabin sallama nake ta jujjuya abin da ya kamata tsoho ya sa wa matafiyi cikin guzurinsa, har Allah ya tuna mini da wani wasa da muke yi muna yara a Dakko, inda idan dare ya yi muka sami tocilar wani babba, sai mu kife tafin hannu bisa bakinta, mu ga yatsunmu sun yi ja wur kamar garwashi, mu yi ta dariya, alhali ba mu san cewa mas'alar da muke wasa da ita za ta zama ƙofar wani babban fanni na ilmi ba. Nama da jini suna shanye galibin launukan haske, amma ja yana ratsa su, maƙwabcinsa kuwa, wanda ido ba ya gani, ya ma fi shi ratsawa.

Asalin maganar tsoho ne. Shehin malami Ibnul Haisam, wanda ya rayu a Masar ya rasu wajen shekarar 1040, shi ne ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Bayansa da ƙarnuka masu yawa, a shekarar 1800, William Herschel, masanin taurari a Ingila, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku har ya fito launi-launi kamar bakan gizo, ya bi su da ma'aunin zafi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan da ya gota ja ya ajiye ma'aunin a gurbin da ba a ganin kome, sai zafi ya ƙara hawa. Daga nan aka sakankance cewa bayan ja akwai wani haske ɓoyayye. Sashensa mafi kusa da ja, wanda tsawon zangonsa ya kama daga wajen nanomita 780 zuwa 2500, shi ne abin maganarmu. Wanda kuwa ke shakka a cikinku, to ya danna abin sauya tashar talabijin a gaban kyamarar wayarsa, sau da yawa zai ga ƙyaftawar da idonsa ya kasa gani.

Fa'idar wannan haske ita ce, kowane abu yana da irin rabon da yake sha daga gare shi: ruwa da nasa, mai da nasa, furotin da sitaci da nasu, ta yadda idan aka haska hatsi aka auna abin da ya komo, za a san abin da ke cikin baɗininsa ba tare da an sa masa wani magani ko an lalata shi ba. Karl Norris na ma'aikatar gona ta Amurka ya fara auna danshin hatsi ta wannan hanya a shekarun 1960, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuwa Kanada tana tantance alkamarta da ita. A yau cibiyar binciken itatuwa da gona da ke Nairobi tana karanta ƙasar noma ta Afirka da irin wannan haske. Ku dubi abin da wannan ke nufi ga mutanen da ke zaune a gindin madatsar Bakolori, wadda aka kammala bisa gulbin Sakkwato a shekarar 1978: manomin shinkafa da zai san ko hatsinsa ya bushe kafin ya zuba shi a rumbu ya yi funfuna, da mai fadamar da zai san abin da ƙasarsa ta rasa kafin ya ɓatar da kuɗinsa wajen takin da ba shi take bukata ba.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne shigar hasken cikin kan ɗan Adam. A shekarar 1977 Frans Jöbsis na Jami'ar Duke ya nuna cewa hasken da ke tsakanin nanomita 700 da 900 ko sama kaɗan yana ratsa fata da ƙoƙon kai, kuma tun da jinin da ya ɗauki iskar oksijin da wanda ya sauke ta ba daidai suke shan wannan haske ba, ana iya sanin halin da ƙwaƙwalwa take ciki ba tare da an tsaga ko an huda ba. Da haka likitoci ke lura da ƙwaƙwalwar jariri bakwaini, da ta wanda ake yi wa aikin zuciya yana kwance bai san inda yake ba. Kada kuma ku ce wannan abin manyan birane ne: tun shekarar 2013 masu bincike daga Landan suka kai na'urar ƙauyen Keneba a Gambiya, suka sa wa jarirai wata 'yar hula mai fitilu suna bisa cinyar uwayensu, domin a gane yadda ƙarancin abinci ke taɓa girman ƙwaƙwalwa tun yaro bai iya magana ba.

Mu Zamfarawa ba mu bukatar wanda zai koya mana cewa ƙasa da ƙwaƙwalwa maganarsu ɗaya ce, domin mun koye ta da hawaye. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, an riƙa niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, ƙurarsu tana sauka inda yara ke rarrafe, ba wanda ya san akwai dalma a ciki, sai da yara wajen 400 suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, ya ba iyayensu ladan haƙuri. Ido bai ga dalmar nan ba; na'urar hannu ce, da gwajin jini, suka nuna ta. Sai dai adalci ya wajabta in faɗa muku cewa waccan na'ura da hasken eksire take aiki, domin hasken da muke magana a kansa ba gwani ba ne wajen gane dalma, kuma ko a kan mutum iyakarsa bayan ƙwaƙwalwa na sama, ba ya kai can cikinta. Kowane ma'auni da haddinsa, kuma sanin haddin shi ne farkon malanta.

Nan ne na zo ga wasiyyata. Na'urar wannan ɓoyayyen haske ba ta san kome da kanta ba, sai an horar da ita da samfura masu yawa waɗanda aka riga aka tabbatar da abin da ke cikinsu a ɗakin gwaji; wadda aka horar da alkamar Kanada kuwa, idan aka miƙa mata geron Maradun ko jigawar Bakura, tana iya ba da adadi mai kyaun gani alhali ƙarya ce tsagwaronta. Haka nan baƙar fata da gashi mai kauri suna rage hasken da ke shiga, har bincike a shekarar 2020 ya nuna cewa ɗan abin da ake maƙala wa majinyaci a yatsa ya fi ɓoye ƙarancin oksijin ga baƙaƙen mutane. Wa zai tattara ƙasarmu da hatsinmu ya daidaita waɗannan ma'aunai da su, in ba ku ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Saboda haka, 'ya'yana, ku ɗauki na'ura a matsayin shaida a gaban alƙali, wanda sai an tsarkake shi ake karɓar maganarsa. Ku riƙa gwada ta da abin da kuka riga kuka sani kafin ku gaskata ta a kan abin da ba ku sani ba. Idan adadi ya fito saɓanin abin da mai kuɗi ko mai mulki yake so, ku rubuta shi yadda ya fito, domin shari'a ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu, wanda kuwa ya sauya sakamakon gwaji ya tauye mudun da ba mai iya kama shi a kasuwa, wanda wataƙila ran yaro ne ke cikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulkin da ke kansa, bai raina ilmin magani ba, har ya yi tasnifi a kansa. Ku ma kada ku raina aikin wanke kwalba da rubuta lamba, domin a can amana take.

  Ku masu tafiya, Allah ya sa albarka cikin abin da kuka koya, ya tsare hannuwanku daga algus, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, har manomi ya koma gonarsa ya iske ɗayanku yana jiransa a bakin kunya da ma'auni na gaskiya. Amin.