Tun Ran Gini, Ran Zane: Ajin da Ba Ya Jiran Wutar Lantarki



Duk wanda ya taɓa riƙe alli a watan Afrilu ya san halin da aji yake shiga idan rana ta take tsaka. Kwano ya ɗau zafi, babu silin a ƙarƙashinsa, yara sun fara gyangyaɗi, malami yana sharce gumi, darasi ya koma jiran ƙararrawa. Mun saba ɗora laifin a kan bazara ko rashin wutar lantarki. Amma akasarin zafin nan tare da ajin aka gina shi, tun ranar da aka zana shi a takarda.

Magina na da sun san haka. Bangon tubali mai kauri a hankali yake shan zafin rana, ba ya sako shi sai dare ya yi, iska ta huce. Shi ya sa wanda ya shiga tsohon soro da azahar yake jin sanyi tun daga bakin zaure. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shaida ne kan abin da ƙasa da azara suke iya yi a hannun gwani.

Kada a ɗauka hikimar nan ta tafi da zamaninta. A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, Francis Kéré, ɗan garin da ya yi karatun zanen gine-gine a Jamus, ya kammala wata firamare mai aji 3 a shekarar 2001. Da bulon ƙasa aka yi bangonta, mutanen gari ne kuma suka yi aikin. Ya ɗaga rufin kwano sama da silin, ya bar sarari a tsakani, ya kuma bar ƙofofi a jikin silin ɗin. Iska mai zafi takan tashi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta tagogi, ba fanka ba janareta. Kwanon kuma ya zarce bango, yana kare shi daga rana da ruwan sama. A 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami lambar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a wannan fanni. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar kuwa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu a 2018, maimakon a rushe shi.

Saboda haka, duk lokacin da za a gina ko a gyara makaranta, ga abin da muke nema. Tagogi su kalli kudu da arewa, su fuskanci juna, domin hasken gabas da yamma ne yake shigowa aji kai tsaye. Kada a kafa kwano ba silin, a kuma shafa masa farin fenti. A yi baranda, a dasa darbejiya a yammacin gini. Bayan an yi waɗannan ne za a zo kan sola da fitilun LED, waɗanda mai wat 9 yake ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Ajin da ya riga ya yi sanyi, kayan sola kaɗan sun ishe shi, kuɗin man janareta kuma sai ya koma ga littattafai.

'Yan uwa, ɗan kwangila yakan miƙa mabuɗi ya tafi, mu ne muke kwashe shekaru a cikin abin da ya bari. Ya kamata reshenmu ya nemi a nuna wa malamai da kwamitin kula da makaranta zanen kowane gini kafin a haƙa harsashi. Kowannenmu kuma ya rubuto wa sakatare ajin da ya fi zafi a makarantarsa, da abin da ya gani ya jawo hakan. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. To a sa mu a ciki tun daga ranar.